Apoleya: Kalmar Helenanci da Muke Karantawa a Matsayin "Hallaka"

Daga ina kalmar ta fito?

Apoleya suna ne da aka ciro daga aikatau apollumi, wanda a Helenancin Sabon Alkawari yake nufin hallakarwa, ko kashewa, ko rasa abu. Tun kafin zamanin manzanni, Yahudawan Iskandariya da suka fassara Tsohon Alkawari zuwa Helenanci sun yi amfani da ita a madadin kalmar Ibrananci Abadon, kamar a Ayuba 26:6. Shi ya sa a Wahayin Yahaya 9:11 aka ce sunan mala'ikan rami marar matuƙa Abadon da Ibrananci, da Helenanci kuwa Afoliyon, wato mai hallakarwa.

Ko a kullum tana nufin azabar lahira?

A'a, kuma a nan ne yawancin masu karatu suke mamaki. A Markus 14, a gidan Saminu kuturu a Betanya, wata mace ta fasa kwalbar man ƙanshi na nardi tsantsa ta zuba wa Yesu a ka. Wasu daga cikin waɗanda ke wurin suka yi ta gunaguni cewa ina amfanin wannan ɓarna, alhali da an sayar da man da an samu fiye da dinari 300, kusan ladan aikin lebura na shekara guda. Kalmar da suka furta ita ce apoleya. Man bai daina wanzuwa ba, ƙanshinsa ma yana tashi a ɗakin, amma a ganinsu ya tafi inda ba zai ƙara amfanar kowa ba. Haka kuma aikatau ɗin nan apollumi ne Luka ya maimaita a sura 15 game da tunkiyar da ta ɓace, da kuɗin azurfar da mace ta share gida tana nema, da ɗan da ya bar gidan mahaifinsa, kuma dukansu an same su daga baya. Bahaushe yana da sa'a a nan, domin ɓata, ɓaci da ɓarna duk 'yan gida ɗaya ne a harshenmu.

To, ina aka yi amfani da ita don hukunci?

A Matiyu 7:13, inda hanya mai faɗi take kai wa ga hallaka, da Yahaya 17:12, inda aka kira Yahuza Iskariyoti "ɗan hallaka", laƙabin da 2 Tasalonikawa 2:3 ta sake bai wa mutumin mugunta. Bitrus ma ya faɗa wa Saminu mai sihiri a Ayyukan Manzanni 8:20 cewa kuɗinsa su hallaka tare da shi.

Mene ne bambancinta da oletros?

Kaɗan ne. Oletros, wata kalmar Helenanci ita ma mai nufin hallaka, ta bayyana sau 4 a wasiƙun Bulus, a 1 Timoti 6:9 ma an jera su biyun kafaɗa da kafaɗa game da makomar masu kwaɗayin dukiya.

Shin kalmar apoleya ta tabbatar cewa mugaye za su daina wanzuwa gaba ɗaya?

Wasu malaman tauhidi sun karkata ga haka, ciki har da John Stott na Ingila a 1988, yayin da akasarin ikilisiyoyi suka tsaya a kan azaba madawwamiya. A ganina, kalmar ita kaɗai ba za ta raba gardamar ba, domin tushen da ya bayyana mutanen da ambaliyar Nuhu ta kashe a Luka 17:27 shi ne kuma ya bayyana tunkiyar da makiyayi ya saɓo a kafaɗa ya komo da ita gida.