Me ake nufi da "wayin marar barasa"?

Da wuya yanzu a yi dina ko walimar biki a Kano, Kaduna ko Maraɗi ba a ga kwalaben nan masu dogon wuya a kan teburi ba, waɗanda aka naɗe bakinsu da takarda mai ruwan gwal. Wasu su ce wayin, wasu su ce shamfen. Idan wani dattijo ya ɗan ja baya, sai a ce masa, "Alhaji, ai marar barasa ne," shi ke nan magana ta ƙare. A ganina bai kamata ta ƙare a nan ba, domin wannan suna guda ya rufe abin sha iri biyu da hanyar yin su ta sha bamban, kuma duk mai sayen kwalbar da kuɗinsa ya cancanci sanin wanne ke hannunsa.

Asalin abin da ake kira wayin giyar inabi ce. Ana matse inabi, a bar ƙwayoyin yis su cinye sukarin da ke cikin ruwan, su mayar da shi barasa da iska. Idan aikin ya kammala, yawancin irin wannan giya na ɗauke da barasa tsakanin kashi 11 zuwa 14 cikin 100. Shi kuwa shamfen, a dokar Turai, ba a kiran wani abu da wannan suna sai giyar da aka yi a yankin Champagne na Faransa. Saboda haka abin da muke fasawa a wajen biki ba shamfen ba ne, siffar kwalbar kawai ya ara.

Iri na farko ruwan inabi ne da bai taɓa zama giya ba. Ana matse shi, a tace, a dumama shi har yis ɗin da ke ciki ya mutu, sannan a ɗura masa iskar gas irin ta lemon kwalba domin ya yi kumfa. Dabarar ta daɗe. A shekarar 1869 wani likitan haƙori a jihar New Jersey ta Amurka, Thomas Welch, ya yi amfani da binciken masanin kimiyya ɗan Faransa Louis Pasteur ya dumama ruwan inabi don hana shi tsimuwa. Shi ɗan ɗarikar Methodist ne mai ƙyamar giya, yana neman abin da cocinsu za su sha a ibada wanda ba ya bugarwa. Sunansa har yau yana kan kwalaben Welch's. Mafi yawan abin da ke cikin kantunanmu daga wannan iri na farko yake, kamar Eva da ke zuwa daga Sifaniya da Chamdor na Afirka ta Kudu. A jikin kwalbar za ka ga an rubuta "sparkling grape juice" ko "grape drink".

Iri na biyu shi ne wanda ke buƙatar a tsaya a kansa. Wannan giya ce cikakkiya aka fara yi, ta tsimu ta kai, daga baya aka cire mata barasar. Tun 1908 wani Bajamushe mai suna Carl Jung, a garin Rüdesheim da ke bakin kogin Rhine, ya yi rajistar hanyar yin haka. Barasa na tafasa a digiri 78, zafin da zai dafe giyar ya lalata ƙamshinta. Amma idan aka zuƙe iskar da ke cikin tukunyar da aka zuba giyar, sai barasar ta tashi a wajen digiri 30, ta bar sauran ruwan. Daga baya an samu wasu hanyoyi, akwai injin da aka ƙirƙiro a Ostareliya mai fara ware ƙamshin ya ajiye gefe kafin ya fitar da barasar, akwai kuma tacewa ta wata fata mai ƙananan ƙofofi. Kalmar da ke nuna wannan iri a jikin kwalba ita ce "dealcoholised" ko "alcohol removed".

To, shin barasar na fita duka? Ba lallai ba. Dokar Tarayyar Turai ta 2021 ta yarda a kira giya da sunan "wadda aka cire wa barasa" muddin abin da ya rage bai wuce kashi 0.5 cikin 100 ba. Amurka ma ƙasa da 0.5 take kira marar barasa. Shi ya sa wata kwalbar za ta ce 0.0, wata ta ce ƙasa da 0.5, kuma duka biyun suna zaune a kanta ɗaya da suna ɗaya. Wannan ɗan ragowar ba ya bugar da kowa, gaskiya ne. Sai dai ga Musulmi tambayar ba ta tsaya kan buguwa kaɗai ba, ta haɗa da asalin abin. Majalisar fatawa ta ƙasar Malesiya ta yanke a 2011 cewa abin shan da aka bi hanyar yin giya wajen sarrafa shi haramun ne ko da an cire barasar daga baya. Akwai kuma hukumomin halal a wasu ƙasashe da ke ba da shaida ga wanda ya sauka zuwa 0.0. Saɓani ne na malamai, kowa ya tambayi malamin da ya amince da shi. Abin da nake jaddadawa shi ne, ba za ka iya yin tambayar daidai ba sai ka san wane iri kake tambaya a kai. Ni dai a gidana ruwan inabin da bai taɓa tsimuwa ba nake ajiyewa, kuma shi nake ba baƙo hankalina kwance.

Akwai wani haɗari da ya fi wannan kusa. Wasu kamfanoni na fitar da iri biyu da suna ɗaya, ɗaya mai barasa ɗaya babu, kwalaben kuma kusan ba su da maraba. Haka nan akwai jar giya mai zaƙi mai araha da barasarta ke wajen kashi 7 ko 8, wadda zaƙin ke ɓoye ɗacinta har wanda bai saba ba ya ɗauka lemo ne. Zaƙi ba shaida ba ne. Shaidar tana ƙasan kwalba, inda ake rubuta lamba da alamar kashi cikin ɗari da haruffan "vol". Idan ka aiki yaro kanti, ka duba da idonka kafin a ɗora a teburi.

Sai maganar zaɓe da ɗanɗano, wadda mutanenmu ba su cika ba ta muhimmanci ba, alhali nan ne kuɗi ke salwanta. Ana sayen kwalba ne don kyan takardarta. Juya ta ka karanta jerin abubuwan da aka haɗa. Ƙa'ida ita ce a fara da abin da ya fi yawa. Idan ruwan inabi ne a farko, kuɗinka ya sayi inabi. Idan ruwa da sukari ne a gaba, sannan ƙamshi da launi, to lemo ka saya a farashin wayin. Sau da dama kwalba mai sauƙin kuɗi ta fi mai tsada inabi a ciki. A Najeriya ka nemi lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ka kuma ƙi duk kwalbar da ta daɗe a rana a bakin titi, domin zafi na dafe ɗanɗanon ya dushe launin.

Inabin kowace ƙasa da halinsa. Sifaniya ce ta fi kowace ƙasa faɗin gonakin inabi a duniya, kuma a filin La Mancha mai zafi da ƙarancin ruwa ana noma wani farin inabi mai suna Airén da yawan gaske. Yawansa na cikin dalilan da suka sa kayan Sifaniya ke da araha, ɗanɗanonsa kuma mai laushi ne, ba ya faɗa da abinci. Inabin Muscat, wanda ake nomawa a Italiya da Afirka ta Kudu da wasu wurare, ƙamshin fure gare shi, za ka ji shi tun kafin kofi ya kai baki. Concord na Amurka baƙi ne mai kauri da ƙamshi mai ƙarfi, wasu na sonsa ƙwarai, wasu kuma ya yi musu nauyi. Mu ma muna da inabi, manoman Kudan a jihar Kaduna sun nuna ƙasarmu na iya fitar da shi, kuma ina fatan ganin ranar da za a matse nasu a zuba a kwalba a nan gida.

Wajen ɗanɗanawa, a sanyaya kwalbar sosai amma kar ta daskare, kar kuma a zuba ƙanƙara a kofi, tana tsinka shi. Zuba rabin kofi, ka shinshina tukuna. Sannan ka kurɓa ka riƙe a baki ka lura da abu ɗaya: akwai tsamin da ke taka wa zaƙin birki? Mai kyau yana da shi, kana haɗiyewa baki ya wartsake ka so ƙari. Marar kyau zaƙi ne zalla, kofi ɗaya ya gundure ka. Ja yana samun launinsa daga ɓawon inabi, daga ɓawon ne kuma wani ɗan bauri irin na goro ke fitowa, wanda ke sa ya dace da nama mai maiƙo kamar tsire ko balangu. Fari mai ɗan tsami ya fi tafiya da abinci mai yaji, farfesu ko dambun nama. Haɗa shi da alkaki ko dubulan kuwa zaƙi ne a kan zaƙi, ba za ka ji daɗin ko ɗaya ba.

Zaƙin nan ba ƙarami ba ne. Ruwan inabi na ɗauke da sukari wajen giram 15 a kowane mililita 100, ya ɗara na yawancin lemon kwalba da ke wajen giram 10 zuwa 11. A kwalba mai mililita 750 lissafin ya haura giram 100. Mai ciwon sukari da ake miƙa wa kofi ana cewa "ai na 'ya'yan itace ne" yana da haƙƙin a gaya masa wannan.

Wajen buɗewa, a daina girgiza kwalba ana nufar jama'a da ita. Marfin na fita da ƙarfin da zai iya raunata ido. Kwance wayar da ke ɗaure da marfin, ka dafe shi da tafin hannu, ka juya kwalbar a hankali. Da zarar an buɗe, yis ɗin da ke yawo a iska na iya shiga, kuma a zafin Afrilu ruwa mai sukari ba ya jimawa kafin ya fara tsimuwa. Abin da ya rage a toshe shi a sa a firij a shanye cikin kwana biyu ko uku. Idan babu wuta, a raba wa yara da maƙwabta a ranar.