Waiwaye: Babban Gwani da Masallacin Juma'a na Zariya

Tun ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, da wani ɓangare na rufin babban masallacin Zariya ya rufta wa masallata ana sallar la'asar, har aƙalla mutum bakwai suka rasu, Allah ya jiƙan su, ake ta muhawara kan tsofaffin gine-ginen ƙasa. Wasu na cewa zamaninsu ya wuce, a rushe a zuba kankare, wasu kuma na cewa a adana su saboda tarihi. Ba a ranar nan matsalar ta soma ba, kuma sai an koma ga maginin da irin aikinsa kafin a gane inda ta faro.

Muhammadu Durugu, wanda ake kira Malam Mika'ilu, shi ne Babban Gwani, kuma shi ya gina masallacin a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846. Da tubali da azara ya ɗaura bakan gizo, wato lanƙwasassun ginshiƙan da suka ɗauki rufin. Sunansa ya kai har ƙasar Bauchi, inda ake danganta masa Gidan Madaki na Kafin Madaki, ƙaramin gari, wanda aka gina wajen 1860, aka kuma sa shi cikin kayan tarihi na ƙasa a 1956.

Sai dai magini na wancan zamani ba irin ɗan kwangilar yau ba ne, wanda ke miƙa makulli ya karɓi cikon kuɗinsa ya tafi. Ginin ƙasa yana rayuwa ne da yaɓe. Kafin damina ta faɗi magina kan hau soro su duba indararo, su toshe tsaga, su sabunta shafen makuba ko laso mai hana ruwa shiga, su ƙwanƙwasa azara su saurari ƙararta. A wajen wannan aikin na shekara-shekara, ƙarƙashin Sarkin Magina, yaro ke koyon sana'ar daga mahaifinsa, har ya san ginshiƙin da ke ɗauke da nauyi da bangon da ke shan ruwa. Ba a rubuta wannan ilimi a takarda ba, a hannu yake.

Abin da ba a cika ambata ba a muhawarar yau shi ne sauyin shekarun 1970. Jama'a sun yi yawa, siminti da kwanon rufi sun wadata, aka yi sabon gini na zamani wanda ya lulluɓe tsohon ɗakin sallah, ya bar shi a ciki. Niyyar kyakkyawa ce, domin an samu fili ga masallata, an kuma kare aikin Babban Gwani daga ruwan sama. Amma a ganina, daga lokacin da aka daina ganin bangon ƙasa daga waje, sai buƙatar yaɓen shekara ta fita daga idon jama'a, kuma yaɓen nan shi ne makarantar magina. Haka abin ya gudana a garuruwa da yawa a lokaci guda: masu hali suka koma ginin bulo, aikin ƙasa ya zama na mara galihu, 'ya'yan magina suka kama cebur da siminti domin nan abinci yake. Inda aka shafe bangon ƙasa da siminti kuwa, danshi kan maƙale a ciki yana cin ginin, fuskar tana nan sumul kamar ba abin da ke faruwa. Cikin tsara ɗaya ko biyu sai aka wayi gari gine-ginen suna tsaye, masu iya karanta alamun ciwonsu sun yi ƙaranci ƙwarai.

An dai auna masallacin an zana shi tun kafin wannan sauyi, aikin da masanin gine-gine ɗan ƙasar Poland, Zbigniew Dmochowski, ya jagoranta, kuma an gina kwafin masallacin a gidan adana gine-ginen gargajiya na Jos. Zane yana nuna tsawo da faɗi, amma ba ya koya wa mutum yadda ake kwaɓa ƙasa ta kwana ta tsumu, ko yadda ake jera azara a bakan gizo. Gidan Madaki da sauran sorayen da suka rage daga ƙarni na 19 suna buƙatar irin waɗannan hannaye kowace damina, waɗanda suka iya aikin kuwa galibinsu dattawa ne a yau.