Waiwaye: yadda aka gane cewa sodar sabulu na tsaga tankin ƙarfe

Iyayenmu mata sun san zafin ruwan toka tun kafin a kafa masana'anta ko ɗaya a Yamai. Da shi ake dafa sabulun salo, kuma wadda ya taɓa ci mata hannu ba ta mantawa. Sodar da ake shigo mana da ita yau a buhuna masu kilo 25 ta tasoshin jirgin ruwa irin na Lome danginsa ce, sai dai ta fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Tun wajen 1890 Turawa suka soma samar da ita da yawa, suna ratsa ruwan gishiri da lantarki.

Da farko an ɗauka ƙarfe da soda ba su da faɗa, domin soda mai sanyi ba ta cin baƙin ƙarfe yadda asid ke yi. Tukwanen tururi ne suka tona asiri. Sai a ga tukunya lafiya lau, ba tsatsa, kwatsam ta tsage daga inda aka haɗa faranti da ƙusoshi. A shekarun 1920, Samuel Parr da Frederick Straub na Jami'ar Ilinoi a Amurka suka bi diddigin abin. Sodar da ke cikin ruwan tukunyar ce ke taruwa a 'yan kafofin haɗin, ga zafi, ga ƙarfen a ɗaure tamau, sai tsaga siririya kamar gashi ta riƙa bin cikinsa. Da walda ta maye gurbin ƙusa, cutar ta koma bakin walda. Shi ya sa ake gasa wurin da aka yi waldar zuwa wajen digiri 600, ƙarfen ya saki jiki, idan tankin zai ɗauki soda mai zafi.

Nan ne maganar ta shafe mu. Ruwan soda mai kauri, rabi soda rabi ruwa, yana soma zama barazana ga walda da zarar ya kai wajen digiri 50. A Yamai, a watan Afrilu, inuwa ma takan wuce 40, balle tankin da ke shan rana tun hantsi. Ƙari a kan haka, mu garinta muke saye mu jiƙa, kuma jiƙawar kanta tana ta da zafin da zai iya kusan tafasa ruwan. Tankin da ake jiƙa sodar ya fi kowanne shan wuya, amma a ganina shi aka fi rainawa. Ga kuma hunturu: irin wannan ruwa yana daskarewa a wajen digiri 12, tun kafin nan ma yakan yi kauri famfo ya kasa ja. Nauyinsa kuwa, lita ɗaya ta kai kilo ɗaya da rabi, don haka tankin da aka ƙera don ruwan sha ba nata ba ne.

Ƙa'idar duba tankuna ma sai da aka yi asara ta zo. A Janairun 1988 wani tankin gas-wal ya fashe a jihar Fensilbaniya ta Amurka, man ya malala cikin kogin Monongahela. A 1991 cibiyar harkar man fetur ta Amurka (API) ta fitar da ƙa'idar API 653: ma'aikata su zagaya tanki kowane wata, ƙwararre ya duba wajensa kada a wuce shekara 5, a auna kaurin ƙarfe da na'urar sauti, lokaci-lokaci kuma a kwashe kayan a shiga a ga gindinsa. Don tankunan mai aka rubuta ta, masu sinadarai suka ara.

Abin da idon ma'aikaci zai fara kamawa shi ne farin ɓawo kamar kanwa a bakin walda ko mahaɗar bututu. Wannan yoyo ne da ya bushe. Goge shi a shafa fenti ba gyara ba ne, kuma kiran mai walda ya ɗora wuta a kan tsagar ba tare da an wanke sodar tas ba sabuwar tsaga yake shukawa. Kada alminiyam ko kwano mai tutiya ya kusance ta, tana cinye su ta fitar da iska mai kama wuta. A kewaye tanki da katangar siminti da za ta riƙe duk abin da ke ciki, a ajiye ruwan wanke ido kusa, domin ɗigo ɗaya na iya makantar da mutum. Unguwar masana'antun Yamai tana daf da Gamkalle, kogin Isa kuma yana gangare, inda masunta ke jefa taru, masu lambu ke ɗiban ruwa.