Daidaitawa da Gauraya Tayoyin Gaba da Baya a Baburan Gudu

Daidaita tayoyi, a harkar manyan baburan gudu, shi ne ɗaura wa babur tayar gaba da ta baya waɗanda kamfani ɗaya ya ƙera domin su yi aiki tare, sunansu ɗaya, tsarin saƙarsu, wato yadda aka shimfiɗa zaren da ke cikin roba, ɗaya. Gaurayawa kuwa ita ce duk wani haɗin da ya saɓa wa wannan, ko dai tayoyin kamfanoni biyu, ko samfura biyu na kamfani ɗaya, ko saƙa iri biyu, ko kuma sabuwar taya tare da wadda ta riga ta ci hanya. Kamfanonin taya da masu ƙera babura suna ba da shawarar daidaitawa, amma mahaya da yawa suna gaurayawa, wasu da gangan, wasu kuma saboda tayar baya ta riga ta gaba suɗewa. Tushen shawarar kamfanonin shi ne gwaji: tayoyin da aka daidaita an jarraba su tare a kan babura iri-iri, alhali haɗin da mahayi ya yi da kansa babu wanda ya jarraba shi kafin ya hau titi da shi.

Aikin kowace taya

Tayoyin babur biyu ba aiki ɗaya suke yi ba. Ta gaba ita ce ke juya babur, kuma ita ce ke ɗaukar mafi yawan nauyin birki, domin idan mahayi ya damƙe birki da ƙarfi nauyin babur da nasa suna zubowa gaba, har wani lokaci tayar baya ta ɗaga daga ƙasa. Ta baya ita ce ke isar da ƙarfin inji ga kwalta. Wannan ne ya sa ta baya ta fi faɗi, ya kuma sa zanen ta gaba yakan fuskanci kishiyar inda na baya ya fuskanta, tun da ƙarfin da ke jan kowace daga ɓangare dabam yake zuwa.

Girman da ya fi yawa a baburan gudu na yau shi ne 120/70 ZR17 a gaba, sai 180/55, 190/50, 190/55 ko 200/55 a baya. Lambar farko faɗin taya ce da milimita, ta biyu tsayin gefenta ne a matsayin kaso cikin ɗari na faɗin, ZR alama ce ta irin saƙar taya da juriyarta ga gudu, 17 kuma girman wili ne da inci idan an auna da'irarsa daga baki zuwa baki ta tsakiya. Babur ba ya shan kwana a tsaye kamar mota, kwantawa yake yi, don haka fuskar tayarsa da ke taka kwalta a lanƙwashe take, kuma yadda wannan lanƙwasa take shi ne ke nuna ko babur zai faɗa kwana da sauri ko zai kwanta a hankali.

Tarihi

Tayar iska ta samu karɓuwa ne bayan John Boyd Dunlop ya ƙera tasa a Belfast ya kuma yi rajistarta a shekarar 1888, kodayake Robert William Thomson ya riga shi yin rajistar irin wannan dabara tun cikin shekarun 1840. Tsawon shekaru masu yawa bayan nan, tayoyin babur duka masu saƙar gicciye ne, wato zaren da ke cikin roba an shimfiɗa shi hawa-hawa a karkace, kowane hawa yana gitta na ƙarƙashinsa. A wancan zamani abu ne sananne a ga tayar gaba mai tsagi a miƙe da ta baya mai zanen ɓaro-ɓaro, kamar Speedmaster da Safety Mileage na kamfanin Avon a Ingila, kuma duk da bambancin kamanninsu a matsayin abokan tafiya ake sayar da su. Ke nan tun asali daidaitawa ba ta nufin tayoyin su yi kama da juna a ido.

Al'amarin ya soma yin nauyi ne lokacin da ƙarfin injuna ya zarce abin da tayoyi da firam ke iya ɗauka. Honda CB750 ya fito a 1969, Kawasaki Z1 ya biyo baya a 1972, kuma mahayan wannan zamani sun san rawar da babur ke yi idan gudu ya yi nisa. A 1969 ɗin ne Malcolm Uphill ya zagaya hanyar tseren TT ta tsibirin Man a kan Triumph Bonneville da gudun da ya kai mil 100 a sa'a, karo na farko da babur irin na kasuwa ya yi haka, kuma daga nan aka laƙaba wa tayar Dunlop K81 sunan TT100. Siffar fuskarta ta ɗan yi tsini a tsakiya domin ta ba da faffadan wurin taka kwalta idan babur ya kwanta. A 1971 kuma Robin Sharp ya wallafa nazarinsa kan daidaiton babur, inda ya bambance nau'o'in rawar da babur ke yi. Biyu daga ciki sun shafi wannan batu kai tsaye: karkarwar kan babur, wadda ke kaɗa hannun mahayi da sauri, da kuma lilon da jikin babur gaba ɗaya ke yi a babban gudu. Taurin gangar jikin taya yana cikin abubuwan da ke ƙara ko rage waɗannan biyun, kuma wannan yana cikin dalilan kimiyya da suka sa ake ɗaukar tayar gaba da ta baya a matsayin abu guda.

Tayar radiyal, wadda zarenta ke ratsa taya daga gefe zuwa gefe a miƙe sannan a ɗaure shi da ɗamara a ƙarƙashin zane, Michelin ya yi rajistarta domin motoci a 1946, amma ta daɗe ba ta iso babura ba. Akwai saɓani kan wanda ya fara kawo ta. Pirelli yana danganta farkon ga tayarsa MP7 ta wajejen 1983, Michelin kuma yana nuni da fagen tsere, inda Freddie Spencer ya lashe gasar duniya ta 500cc a 1985 a kan radiyal, da kuma tayoyin titi A59X da M59X da ya fitar a 1987. Radiyal ba ta ɗaukar zafi kamar mai saƙar gicciye, kuma tana ba da damar yin taya mai faɗi da gajeren gefe. Da nau'o'in biyu suka haɗu a kasuwa, wasu mahayan tsofaffin babura sun riƙa ɗaura radiyal a wili ɗaya su bar tsohuwar saƙa a ɗayan.

Wani abin da ba a cika ambatawa ba shi ne rawar da daidaituwar girman wili ta taka. A farkon shekarun 1980 an yi yayin wilin gaba mai inci 16, Suzuki GSX-R750 na 1985 ya zo da inci 18, Honda CBR900RR na 1992 kuma ya riƙe inci 16 a gaba har zuwa 2000. Da masana'antar ta tsaya a kan inci 17 gaba da baya, sai ya zama kusan kowane kamfani yana yin 120/70 da 180/55, kuma kowace irin taya tana hawa kowane wili. Sauƙin gaurayawa daga nan ya samo asali. A daidai wannan lokaci kuma tayoyin suka ƙara bambanta a ciki: aka shigar da silika cikin roba domin riƙon jiƙaƙƙiyar kwalta, aka zo da ɗamarar ƙarfe mai bin zagayen taya, aka kuma fara haɗa roba iri biyu a taya ɗaya, mai tauri a tsakiya da mai laushi a gefe. Tayoyi biyu masu lamba ɗaya a gefe suna iya zama dabam ƙwarai a hali.

Matakan gaurayawa

Ba kowace gaurayawa ce ke da haɗari iri ɗaya ba. Mafi muni ita ce ta saƙa, musamman radiyal a gaba da mai saƙar gicciye a baya, wadda babu kamfanin taya da ke goyon bayanta ga babur ɗin gudu. Akasin haka, wato gicciye a gaba da radiyal a baya, ana samunsa daga masana'anta a wasu babura kamar Honda Africa Twin, amma a can masu ƙera babur ne suka gwada haɗin suka amince da shi.

Sai ta girma. Mahayin da ya cire 190/50 ya ɗaura 190/55 ya ƙara tsayin gefen taya daga milimita 95 zuwa kimanin 104, wanda ke ɗaga bayan babur da kusan santimita ɗaya, ya kuma ƙara zagayen taya da kimanin kashi 3 cikin ɗari. Babur zai fi saurin faɗawa kwana, amma na'urorin da ke hana birki kullewa da hana tayar baya sulɓewa suna aiki ne ta kwatanta gudun wilin gaba da na baya, don haka canjin yana iya rikita lissafinsu. Shi ya sa wasu babura, irin su Ducati Panigale da Aprilia RSV4, suke da tsarin sake saita na'urar bayan an canja taya. Ɗaura taya mai faɗi fiye da abin da wili ya dace da shi yana matse ta ya ɓata lanƙwasarta, sai wurin taka kwalta ya ragu maimakon ya ƙaru.

Gaurayar kamfanoni ko samfura ita ce wadda aka fi muhawara a kai. Kowane babban kamfani yana da jerin tayoyi daga na filin tsere zuwa na doguwar tafiya: Michelin yana da Power da Road, Pirelli yana da Supercorsa da Diablo Rosso da Angel, Metzeler yana da Sportec da Roadtec, Bridgestone kuma yana da jerin S da na T ƙarƙashin sunan Battlax. Haɗin da mahaya suka fi yi da gangan shi ne taya mai laushin roba a gaba da mai juriya a baya. Hujjarsu ita ce idan tayar baya ta ɗan zame ana iya gyara babur, amma idan ta gaba ta suɓuce a kwana da wuya a tsira daga faɗuwa. Wannan hujja tana da ƙarfi, sai dai tana da giɓi biyu. Tayar da aka yi domin fage tana buƙatar zafi kafin ta kama kwalta, don haka da sanyin safiya ko cikin ruwa mai yiwuwa ne ta gaban da aka saya domin riƙo ta zama ita ce mai ƙarancin riƙo. Na biyu kuma, idan ta gaba mai tsini ce ta baya kuma mai faɗin lanƙwasa, gaba zai riƙa neman kwantawa kafin baya ya yarda, sai mahayi ya riƙa danne kan babur domin ya riƙe layinsa. Kishiyar haɗin, wato mai laushi a baya da mai tauri a gaba, kusan kowa ya yarda cewa ya fi muni, domin baya yana tura gaba fiye da abin da take iya riƙewa. Kasancewar Pirelli ya sayi Metzeler tun 1986 bai mayar da tayoyinsu abokan tafiya ba.

Gaurayar da ta fi kowace yawa, wadda kuma mahaya ba sa kiranta gaurayawa, ita ce ta sabuwa da tsohuwa. Tayar baya ta fi saurin cinyewa, har ana yawan cewa kafin tayar gaba guda ta cinye an canja ta baya sau biyu, kodayake hakan ya danganta da ƙarfin inji da salon tuƙi. Ta baya tana bajewa a tsakiya idan an fi tafiya a miƙaƙƙiyar hanya, ta gaba kuma tana cinyewa tudu-da-kwari a gefen zane saboda birki. Sabuwar tayar baya da tsohuwar gaba mai irin wannan cinyewa suna iya saɓa wa juna fiye da sababbin tayoyi biyu na kamfanoni dabam, ko da sunan da ke gefensu ɗaya ne. Roba kuma tana bushewa da shekaru ko ba a hau ba. Lambobi huɗu na ƙarshe a hatimin DOT da ke gefen taya suna nuna mako da shekarar da aka ƙera taya, a tsarin da ake bi tun 2000.

A fagen tsere

Masu tsere suna gauraya taurin roba kusan kowane mako, misali mai tauri a gaba da mai laushi a baya, amma daga kamfani ɗaya kuma daga jerin da aka tsara domin a haɗa su haka. A 2004 Pirelli ya zama shi kaɗai mai ba gasar Superbike ta duniya tayoyi. A MotoGP, babbar gasar tseren babura ta duniya, Bridgestone ya riƙe wannan matsayi daga 2009 zuwa 2015, Michelin ya karɓa a 2016, shekarar da wili ya koma inci 17 daga 16.5. An san Bridgestone da ƙarfin tayar gaba, Michelin kuma da ƙarfin ta baya, kuma a gwaje-gwajen farkon canjin mahaya da dama sun faɗi saboda suɓucewar gaba kafin a sake saita baburan. Wannan ya nuna cewa abin da babur ke ji shi ne daidaiton riƙo tsakanin tayoyin biyu, ba ingancin kowace ita kaɗai ba.

Batun kore ruwa

Ana yawan cewa zanen tayar gaba yana share wa ta baya ruwa, don haka dole zanen biyu su dace. Wasu kamfanoni suna faɗin haka, wasu masana kuma suna ganin tasirin kaɗan ne.

Doka

Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma mafi yawansu sun fi kula da saƙa da girma da zurfin zane fiye da sunan kamfani. A Birtaniya, babur mai radiyal a gaba da saƙar gicciye a baya ba ya wuce gwajin shekara-shekara na lafiyar abin hawa, kuma mafi ƙarancin zurfin zane ga babur da ya haura 50cc milimita 1 ne. A Jamus milimita 1.6 ne, kuma ƙasar ta daɗe tana ɗaure babura da yawa da takamaiman samfuran taya da aka rubuta a takardunsu, kafin a sassauta wannan ga baburan da ke da amincewar Tarayyar Turai. A ko'ina kuma, alamar gudu da ta nauyi da ke gefen kowace taya ba a so su gaza abin da mai ƙera babur ya ƙayyade. A baburan gudu alamar gudun yawanci W ce, wadda ke nufin kilomita 270 a sa'a, kuma idan an rubuta ta cikin baka tana nufin tayar tana iya wuce haka.