Biyayya ga Masu Iko: Rawar da Hali da Tarbiyya ke Takawa

A ilimin halayyar ɗan Adam, biyayya ga masu iko na nufin mutum ya aikata abin da na sama da shi ya umarce shi, ko da ransa bai so ba. Ta sha bamban da bin yarima a sha kiɗa, inda mutum ke kwaikwayon tsaransa ba tare da kowa ya ba shi umarni ba. Biyayya a karan kanta ba aibi ba ce, domin asibiti ko makaranta ko jirgin sama ba za su tafi daidai ba idan sai an lallashi kowa kafin ya yi aikinsa. Abin da ya dami masu bincike tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu shi ne lokacin da umarnin ya zama na cutar da wani. A nan ne wani ke bi, wani kuma ya turje, kuma an daɗe ana neman sanin ko bambancin daga halin mutum yake, ko daga gidan da ya tashi, ko daga yanayin da ya tsinci kansa.

Gwajin Milgram

A shekarar 1961, shekarar da aka gurfanar da jami'in Nazi Adolf Eichmann a gaban kotu a Birnin Kudus, Stanley Milgram ya fara wani gwaji a Jami'ar Yale ta Amurka. An gaya wa masu shiga cewa ana nazarin yadda horo ke taimaka wa hadda. Ana zaunar da mutum a gaban wata na'ura mai makunnai 30, daga bolt 15 har zuwa bolt 450 (bolt shi ne ma'aunin ƙarfin wutar lantarki), a ce masa duk lokacin da ɗalibin da ke ɗaya ɗakin ya yi kuskure, ya sakar masa wutar lantarki, kuma kowane kuskure ya ƙara ƙarfinta. Ɗalibin ɗan wasa ne, wuta ba ta taɓa shi, amma wanda ke danna makunnin bai sani ba. Da aka kai bolt 300 sai ɗalibin ya riƙa dukan bango, jim kaɗan kuma ya yi tsit. Mutane sun yi ta zufa, suna cizon leɓe, hannuwansu na rawa, suna waiwayen mai binciken. Shi kuwa sai ya ce cikin sanyin murya, a ci gaba. A sakamakon da aka wallafa a 1963, mutum 26 cikin 40, wato kashi 65 cikin ɗari, sun kai makunni na ƙarshe. Likitocin ƙwaƙwalwa da aka tambaya tun farko sun yi hasashen mutum ɗaya cikin dubu ne zai kai nan.

Milgram ya riƙa sauya tsarin gwajin, alƙaluman kuma suna sauyawa da shi. Da mai binciken ya fita yana ba da umarni ta wayar tarho, biyayya ta faɗi zuwa kusan kashi 20. Da aka sa mutum ya danna hannun ɗalibin a kan farantin wutar da kansa, ta koma kashi 30. Da wasu abokan aiki biyu suka ƙi ci gaba a gabansa, kashi 10 ne kawai suka kai ƙarshe. Wannan ya sa masana da yawa suka ce yanayi ya fi hali ƙarfi. Suna da hujja, amma a kowane tsari an samu waɗanda suka bi da waɗanda suka ƙi, a ɗaki ɗaya, a gaban na'ura ɗaya. Waɗancan mutum 14 da suka tsaya a gwajin farko su ne asalin tambayar hali.

Halin miƙa wuya

Tun a 1950, Theodor Adorno da Else Frenkel-Brunswik da Daniel Levinson da Nevitt Sanford sun fitar da wani babban nazari da aka gudanar a Berkeley. Sun ce akwai wani nau'in mutum mai rusuna wa na sama da shi, mai taka na ƙasa, wanda ba ya son abu mai harshen damo, kuma yake ganin duniya ta kasu tsakanin masu ƙarfi da raunana. Sun danganta wannan da gidan da horo ya yi tsanani, inda yaro ba shi da damar nuna fushinsa ga iyaye, sai ya haɗiye shi, ya girma ya huce a kan wanda ya fi shi rauni. Sun tsara jerin tambayoyi da aka sani da ma'aunin F don gano irin wannan hali. An soki ma'aunin sosai. Duk tambayoyinsa an tsara su ne ta yadda amsa e ke ƙara maki, don haka mai saurin amincewa da komai zai fito tamkar mai wannan hali. An kuma lura makin na hawa a tsakanin waɗanda ba su yi zurfin karatu ba.

A wani nazari da suka wallafa a 1966, Alan Elms da Milgram sun sake kiran mutum 40 daga cikin waɗanda suka shiga gwajin, 20 da suka bi har ƙarshe da 20 da suka ƙi. Masu biyayyar sun fi samun maki a ma'aunin F, sun fi girmama mai binciken, kuma a jimlace sun ce ba su shaƙu da ubanninsu sosai ba lokacin ƙuruciya. Sai dai da yawa a cikinsu sun ba da labarin gida mai daɗi da iyaye masu tausayi, abin da ya hana a ɗaure batun da igiya ɗaya. Daga baya Bob Altemeyer na Jami'ar Manitoba a Kanada ya gyara ma'aunin a 1981, ya taƙaita shi zuwa abu uku: miƙa wuya ga hukuma, zafin kai ga waɗanda hukuma ta tsana, da riƙo da abin da aka saba. A ganinsa koyon halin ake yi daga iyaye da abokai da abin da mutum ya gani a samartaka.

Sakamakon da ya fi tayar da hankali ya fito ne daga Faransa. An maimaita gwajin da sunan wasan talabijin, aka nuna shi a 2010, inda kusan kashi 80 suka kai ƙarshe. Laurent Bègue da abokan aikinsa sun bi waɗannan mutane da tambayoyi, suka wallafa a 2015 cewa masu sauƙin kai da son zaman lafiya da kowa, da kuma masu tsare aiki da cika alkawari, su ne suka fi sakin wuta mai ƙarfi. Waɗannan halaye ne da kowa ke yabo, kuma sun cancanci yabon. Amma mutumin da ke jin nauyin ɓata wa wani rai, idan aka sa shi tsakanin mai umarni da ke tsaye a kansa da wanda ke kuka a bayan bango, yakan fi jin nauyin wanda ke kallon idonsa.

Tarbiyya

Diana Baumrind, wadda ta soki gwajin Milgram a 1964 saboda wahalar da aka ba masu shiga, ita ce kuma ta kasa salon reno gida uku. Akwai iyayen da maganarsu yankan wuƙa ce, babu tambaya. Akwai masu sakaci da ke barin yaro ya yi yadda ya ga dama. Akwai kuma masu kafa doka su tsaya a kanta, amma su bayyana dalili, su saurari yaro. Bincikenta ya nuna 'ya'yan kashi na ukun sun fi dogaro da kai. Masanin zamantakewa Melvin Kohn ya ƙara wani ɓangare a 1969: iyayen da aikinsu na bin umarni ne a ƙarƙashin mai sa ido sun fi fifita biyayya a wajen 'ya'yansu, waɗanda kuma aikinsu ke buƙatar yanke shawara sun fi son yaro mai tunanin kansa. Kowa na shirya ɗansa ne don irin duniyar da ya sani.

Shaida mafi nauyi a wannan fage ta fito daga rayuwa ta zahiri. Samuel Oliner da Pearl Oliner sun tattauna da mutum sama da 400 da suka ɓoye Yahudawa a Turai lokacin mulkin Nazi, suka kwatanta su da waɗanda suka kawar da kai. A nazarin da suka fitar a 1988, masu ceton sun fi tuna iyayensu da yi musu bayani idan sun yi laifi, da nuna musu yadda laifin ya shafi wani, kuma ba su cika ambaton duka ko tsananta biyayya ba. Yaron da aka saba gaya masa dalilin doka yakan girma da wani ma'auni a zuciyarsa, wanda zai iya auna umarnin kowa da shi. Wanda abin da ya sani kawai shi ne an ce a yi, ranar da mai faɗa ya zama azzalumi ba shi da abin da zai dafa. Dole dai a tuna cewa mutanen na ba da labarin ƙuruciyarsu ne bayan shekaru kusan arba'in da yaƙin, kuma tunawa takan yi wa abin da ya wuce kwaskwarima.

Akwai kuma batun gado. Nazarin tagwayen da aka rena a gidaje daban-daban a Minnesota, wanda aka wallafa a 1999, ya ƙiyasta cewa kusan rabin bambancin da ke tsakanin mutane a ma'aunin Altemeyer na da alaƙa da ƙwayoyin halitta. Wannan ya sa kamannin ɗa da mahaifi a wannan hali ba zai zama hujjar tarbiyya kaɗai ba.

Iyakar abin da aka gano

Tasirin hali da tarbiyya da aka auna a waɗannan gwaje-gwaje ƙarami ne idan aka kwatanta da na yanayi, kuma da yawansu an yi su ne da mutane ƙalilan. Mata sun bi daidai da maza a gwajin Milgram, kashi 65. Da Jerry Burger ya maimaita shi, a nazarin da ya wallafa a 2009, yana tsayawa a bolt 150 don kare masu shiga, kashi 70 sun nuna za su ci gaba. A Poland, a wani nazari da aka wallafa a 2017, mutum 72 cikin 80 sun bi. Masu nazarin bayanan sun kuma lura cewa umarnin da ya fi kaushi, wanda ake ce wa mutum ba shi da zaɓi, shi ne ya fi jawo turjiya. Alex Haslam da Stephen Reicher sun kafa hujja da wannan cewa mutane sun fi bi idan sun yarda aikin na da amfani.

Cikin waɗanda Milgram ya ba da labarinsu akwai wata mata 'yar shekara 31, ma'aikaciyar lafiya, wadda ta girma a Jamus zamanin Hitler. Da ta kai bolt 210 sai ta juya ta gaya wa mai binciken cewa ba za ta ci gaba ba, ba tare da ɗaga murya ko rawar jiki ba. Ya ce mata ba ta da zaɓi, ta amsa cewa da ra'ayin kansu suka zo wurin. Da aka tambaye ta daga baya, ta ce wataƙila wahalar da suka gani a rayuwarsu ce ta yi yawa.