Wai marubutan talabijin na Amurka masu kuɗi ne, yajin aikin me za su yi?

Wallahi maganar nan ta daɗe tana damuna. Da an ce Hollywood sai mutane su ɗauka kowa a cikin daula yake, alhali yawancin marubutan aikin kwantiragi suke yi, shiri ya ƙare a zauna wata da watanni ba ko sisi ga haya ga yara. Da can in aka maimaita shiri a talabijin ana ɗan biyansu wani kaso, shi ke riƙe su lokacin zaman banza, da su Netflix masu haska finafinai ta intanet suka zo sai kason ya ƙanƙance, shirye-shiryen ma aka rage musu tsawo.

Shi ya sa ƙungiyarsu WGA ta ajiye aiki ranar 2 ga Mayu 2023, mutum wajen 11,500, kwana 148 cur. Har direbobin manyan motocin kaya na ƙungiyar Teamsters in suka iso ƙofar situdiyo suka ga marubuta da kwalaye sai su juya, alhali su ma aljihunsu ne ke kuka. 'Yan wasan fim suka bi sahu a Yuli. Jarumar fim Drew Barrymore ta so dawo da shirinta na hira a talabijin ba marubuta, caa aka yi mata har ta janye.