Gwajin HbA1c da Nau'in Jini: Tambayoyi da Amsoshi

Mene ne HbA1c da likitoci ke rubuta wa masu ciwon suga?

Jajayen ƙwayoyin jini suna ɗauke da himogulobin, sinadarin da ke kai iskar oksijin sassan jiki. A jinin baligi, fiye da kashi 95 cikin ɗari nau'in HbA ne, sai HbA2 da ba ya wuce kashi 3.5, sannan ɗan ragowar na jarirai, wato HbF, ƙasa da kashi 1. Shi HbA1c ba gadonsa ake yi ba, HbA ne da suga ya manne masa. Wani likita ɗan Iran, Samuel Rahbar, shi ya lura a 1968 cewa yana ƙaruwa a jinin masu ciwon suga.

Me ya bambanta shi da gwajin ɗigon jini na yatsa?

Tunda ƙwayar jini takan rayu kimanin kwana 120, gwajin yana nuna yadda suga ya kasance cikin wata 2 zuwa 3. Wanda ya yi watanni yana shan shayi mai kauri da lemon kwalba, sannan ya ƙaurace musu ana jibi zai ga likita, ɗigon yatsa zai iya rufa masa asiri, amma wannan zai tona shi. Ba ya kuma buƙatar a zo ba a karya kumallo ba. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince cewa kashi 6.5 zuwa sama alamar ciwon ce.

Shin ya dace da mai sikila?

Nan ne ya kamata mu a Kano mu yi hattara. Ƙwayoyin jinin mai SS sukan mutu cikin kwana 10 zuwa 20, don haka sakamakonsa ba abin dogaro ba ne. Mai AS kuwa, wanda ake samu kusan mutum 1 cikin 4 a Najeriya, nasa ya danganta da irin na'urar ɗakin gwajin, domin HbS, wato himogulobin na sikila, yana rikita wa wasu na'urorin lissafi. Ƙarin jini ko zubar jini kwanan nan sukan sa adadin ya sauka, ƙarancin sinadarin ƙarfe kuma yakan ɗaga shi.

To, mene ne mafita?

Takardar gwajin nau'in jini da aka yi kafin aure kada ta kwanta a akwati, a nuna wa likita ita. Idan akwai shakka, zai koma ga gwajin suga na safe kafin a ci komai, inda ma'aunin suga 126 mg/dL zuwa sama ke nuna ciwon, ko gwajin furuktosamin, wanda ke duba mako 2 zuwa 3 kawai.